Motar Mutum Biyu

Na san abin da ake faɗa muku a kaina. 'Ya'yan Yaya Yagana sun faɗa wa 'ya'yansu, su kuma sun faɗa muku a gidajen biki, wai ni Bukar na ɗauki mahaifiyata da hannuna na kai ta ƙauye na yar, na dawo na mallake gida. Shekara da shekaru ina jin maganar nan ina haɗiyewa, don wadda ta fara faɗar ta yayata ce, kuma zafin rabuwa ne ya sa ta, ba mugunta ba. Yanzu ta riga mu gidan gaskiya, ni ma hannuna ya daina riƙe sifanar kwance noti. Kafin in bi ta, gara ku ji yadda abin ya faru daga bakin wanda ya riƙe sitiyarin. Daga nan za ku gane abin da ya sa nake hayayyaƙo muku duk lokacin da wani ya kawo zancen sayar da tsohuwar motar nan ta rumfa, wadda kuke kira akurkin kaji.

A shekarun hamsin ne, saura kaɗan Bature ya tattara nasa ya tafi. Mu biyu ne a gidanmu na Fagge, ni da Inna. Gida ne mai ɗakuna da yawa, don mahaifinmu falken kanwa ne daga Barno, kuma a zamaninsa zauren nan ba ya rabuwa da baƙi da jakuna da hayaniyar ciniki. Da ya rasu baƙi suka ɗauke ƙafa. Yagana ta yi aure a Kwaciri. Matata ta fari, Hajara, wadda ba ku sani ba, ta rasu wurin haihuwa, ita da abin da ta haifa. Sai ni da Inna da ɗakuna a kulle. In na yi tari a tsakar gida, sai in ji ya dawo mini. Ba ni da abokin hira, kuma gaskiya ban nema ba, don tun ina yaro surutun mutane yake gajiyar da ni, na inji kuwa bai taɓa ba. Da safe in tafi garejin Baba Salawu a Sabon Gari, da yamma in dawo in ci tuwon da Yagana ta aiko, in zauna a ƙofar ɗakin Inna. Ita kuwa tun da ta zame a bakin rijiya ƙugunta ya taɓu, ko kan jaki ba ta iya zama, ga idonta ya dushe. Abin da ya rage mata shi ne kunne, kuma ban taɓa ganin kunne irin nata ba.

Baba Salawu Bayarabe ne, a wurinsa na koyi aiki, kuma shi ya ba ni motar. Ta wani Kwara ce, cikin Larabawan nan masu kanti a Kantin Kwari, tun kafin babban yaƙi aka ƙera ta, ya gaji da wahalarta ya watsar da ita a bayan gareji har awaki suka mayar da ƙarƙashinta wurin kwana. Baba Salawu ya ce in na tashe ta, tawa ce. Na tashe ta kuwa, bayan na sha baƙar wuya. Niyyata in riƙa haya da ita, in ɗauko 'yan kasuwa da dilolin yadi daga tashar jirgi zuwa Kantin Kwari, in tsaya da ƙafata. Tun ranar da na fara kawo ta gida muka yi wata al'ada da Inna ba tare da mun shirya ba. In na iso ƙofar gida ba na kashe ta nan take, sai in bar ta tana silo, wato inji yana juyawa a hankali mota tana tsaye. Inna tana daga ɗaka tana saurare. Can sai in ji muryarta ta ratso zaure.

"Kashe ta, Bukar, na ji. Yau tana tari."

Ko ta ce tana haki, ko ta ce yau ta sha da yawa. Inna ba ta taɓa ganin cikin bonet ba, amma in ta ce tari, zan tarar da fulogi ya yi baƙi, in ta ce ta sha da yawa, to kafireto ne yake ambaliya. Wannan 'yar maganar ita ce hirar da ta fi mini daɗi a yini.

Bayan damina wani tsohon falke, abokin mahaifinmu, ya sauka a zaurenmu. Shi ya faɗa wa Inna cewa ƙanwarta Ya Kolo tana nan da rai a ƙauyensu, can gaba da Potiskum, mijinta ya rasu, tana zaune da ɗanta. Rabon Inna da ita tun Inna tana amarya, lokacin da mahaifinmu ya taho da ita Kano. Daga ranar nan Inna ta canza. Ta rage cin abinci, ta riƙa yi mini magana da Barbarci, wanda ni rabinsa nake ji, sai ta tuna ta koma Hausa. Wata yamma bayan na kashe mota na shigo, ta ce in zauna.

"Motar nan taka za ta kai Barno?"

"Za ta kai, Inna. Ke ce ba za ki kai ba. Hanyar nan gargada ce tun daga Wudil, kafin Birnin Kudu ƙugunki ya rabu biyu."

"To ka gyara ta yadda zan kai. Ba aikinka ke nan ba?"

Na yi dariya, na ce to in mun je kwana nawa za mu yi. 

"Kai ka kwana biyu ka huta," in ji ta. "Ni in na je na je."

Raina ya ɓaci, kuma ban ɓoye ba. Na ce mata nan ne gidanta, nan mijinta yake kwance, nan 'ya'yanta suke, me aka yi mata? Na ce ni fa, wa za ta bar ni da shi a wannan kangon? Ta bar ni na gama faɗana tas.

"Babu wanda ya yi mini komai," ta ce. "Amma duk wanda ya san ni a garin nan, a matar babanku ya san ni, ko a uwarku. Can akwai wadda ta san ni ina Falmata. Ina so in ji an kira ni da sunana kafin in mutu."

Na tashi na fita da fushina. Amma washegari na sauke kafireton motar na baje shi a kan tire. Ku da kuka taso a zamanin da ba a buɗe bonet, kafireto shi ne 'yar tukunyar da ke haɗa fetur da iska kafin inji ya sha. Shi na fara taɓawa, don direbobin lori in sun hau gargada take mota suke yi da gudu ta riƙa tsallake ramukan, ni kuwa da Inna a baya dole in tafi kamar mai rakiyar amarya, kuma motar nan in aka tafi da ita a hankali fizga take yi, ta cije ta saki. Kowace fizga a ƙugun Inna za ta sauka. Na tarar da ɗan gwangwanin tagullan da ke yawo a kan fetur a ciki, wanda ke toshe hanyar mai in tukunya ta cika, ya huje yana nitsewa. Na tsiyaye shi na liƙe da dalma. Na wanke ƙananan hudojin da mai ke bi, na busa su da bakina har leɓena ya yi ɗaci, don wanda ya zura musu waya ya faɗaɗa su ya kashe su ke nan. Sai na koma kan sukurun silo, ina juya shi kaɗan kaɗan, in kawo ta gida da yamma Inna ta saurara, ta ce da saura, in koma da safe in sake. Haka muka yi ta yi har wata rana ta ce numfashinta ya daidaita, kamar na jariri mai barci.

Daga nan na koma kan zama. Na farke kujerar baya na fitar da tsohon abin da ke ciki, wanda ya daskare kamar tubali, na cusa audugar rimi, wani baduku ya rufe mini da fatar akuya mai laushi. Na sake wa shokazoba mai, su ne masu shanye girgizar hanya. Na rage iskar tayoyi. Don in san inda nake, sai na riƙa cika ƙwaryar Inna da ruwa, in ɗora a kan gammo a kujerar baya, in shimfiɗa farin ƙyalle a ƙarƙashi, in bi mummunar hanyar da ta ratsa bayan Kwaciri ta ɓulla Sabon Gari, in dawo. Na faɗa wa Inna ranar da ƙyallen ya dawo a bushe, ranar za mu sa lokacin tafiya. Kullum yana dawowa sharkaf. Mutanen unguwa suka fara cewa Bukar ya taɓu, yana yawo da ƙwarya a gidan baya kamar matar Gwamna. Ban kula su ba. Abin da ya fi damuna shi ne duk ranar da ƙyallen ya dawo a jiƙe sai in ji wani sanyi a raina, duk ranar da jiƙewar ta ragu kuma sai in kasa cin tuwo. Da hannuna nake gyara abin da zai raba ni da ita, kuma hannun ba ya yarda ya yi aikin banza.

Da na ga kujera da taya sun yi iyakar yinsu, na san saura sifirin. Sifirin motocin da falle-fallen ƙarfe ne dogaye a jere kan juna, yawansu shi ne ƙarfin mota, shi ne kuma taurinta. Na ɗaga ta a jak zan zare falle ɗaya ɗaya daga kowane gefe na baya, sai ga Baba Salawu a kaina, ya riƙe ƙugu.

"Bukar, ka san abin da kake yi kuwa?"

"Na sani, Baba."

"Ba ka sani ba. In ka zare wannan, ba dila ba, ko buhun gero biyu ka ɗora mata sai ta zauna a ƙasa. Hayar da kake mafarki ta tafi. Kuma in babu kowa a baya, rawa za ta riƙa yi maka a kan gargada har ta jefa ka daji. Motar mutum biyu za ta zama, ba ƙari ba ragi."

"Mutum biyu ne za su shiga, Baba."

 Sai ya tuɓe hularsa ya ajiye, ya tsuguna ya riƙe mini ɗaya gefen. Muka zare, muka goge sauran fallayen, muka cika tsakaninsu da giris, muka naɗe su da fata don kada ƙasa ta shiga. Da na dawo gida na ba Inna labarin abin da ya ce, don ba na ɓoye mata zancen mota. Ta ce Bayaraben nan yana da hankali.

Yagana ta ji labari ta zo da rana tsaka, ta same ni a zaure. Ba ta ko zauna ba.

"Bukar, kai kaɗai ka san cikin motar nan. Ka ce ba ta gyaru ba. Wa zai ƙaryata ka?"

"Inna za ta ƙaryata ni, Yaya. Kunnenta ya fi nawa."

"To ka bar ruwan ya zube mana! Rami nawa ne a hanyar? Ka faɗa cikin ɗaya. Tsohuwa ce, in rani ya wuce za ta manta. In ka kai ta, wallahi ba za mu sake ganinta ba, kuma kai ka yi."

Tana kuka take faɗa, kuma duk abin da ta faɗa na riga na faɗa wa kaina. Kada ku ɗauka Yagana ba ta son Inna. Ita ke dafa mata, ita ke wanke mata kai. Ni da ita abu ɗaya muke tsoro.

Ranar da na gwada bayan gyaran sifirin, da la'asar ce. Na bi hanyar nan kamar kullum, na san kowane rami da sunansa, kuma ban faɗa cikin ko ɗaya ba. Da na tsaya a ƙofar gida na juya na taɓa ƙyallen. A bushe yake ƙamas. Na zauna ina kallon ƙwaryar, inji yana silo. Babu kowa a layin. Ɗan yatsa ɗaya ya isa ya karkata ta, kuma ba wanda zai taɓa sani, in ci gaba da cewa da saura har damina ta rufe hanya. Har na miƙa hannu. Ina son uwata ta zauna, wannan ba abin kunya ba ne, kuma ba zan ce muku ban so ba. Sai muryarta ta fito daga ciki.

"Kashe ta, Bukar, na ji. Kawo mini ƙyallen."

Na kai mata. Ta murza shi a tafin hannunta, ta kai shi kumatunta, ta yi murmushi irin wanda rabona da gani tun mahaifinmu yana da rai. Ni kuwa na fita bayan gida na yi kukana.

Ba ta ɗauki komai ba sai ƙullin tufafi da carbi da ƙwaryar nan, don motar ba za ta ɗauki adudunta ba. Garewanin fetur a gaba na jera su kusa da ni. Yagana ta zo ta rungume ta, ni ko kallona ba ta yi ba. Muka kama hanya a hankali, lori yana wuce mu, masu keke ma wani lokaci suna wuce mu. Inda rana ta yi zafi mu tsaya a gindin bishiya in sauke ta ta miƙe, inda magariba ta same mu mu nemi gidan mai gari. Duk ramin da na gani sai in rage gudu in ce, sannu Inna, ita kuma ta ce, ban ji komai ba. Ko sau ɗaya ba ta yi ƙara ba. Tun daga Potiskum ta fara shaƙar iska tana kiran sunayen itatuwa da Barbarci.

Da muka isa, wata 'yar tsohuwa ta fito daga danga tana dogara sanda, ta tsaya a jikin motar, ta ce, "Falmata?" Abin da na fahimta ke nan. Sauran duk da harshensu suka yi shi, da sauri, suna kuka suna dariya suna shafa fuskar juna. Na tsaya a gefe da makullin mota a hannu kamar direban haya. An karɓe ni hannu bibbiyu, an yanka mini kaza, amma kwanakin da na yi a gidan nan ban taɓa jin kaɗaici irinsa ba, don ina ganin uwata ta zama wata yarinya da ban sani ba, kuma ta fi kyau a haka.

Da safen da zan taho, ta sa aka fito da ita ƙofar gida. Ta kira ɗan Ya Kolo ta yi masa magana, ya tafi ya dawo da buhun kanwa a kafaɗa.

"Na mene ne, Inna? Ba na bukatar tsaraba."

"Ba tsaraba ba ce. Ba Bayaraben ya ce in babu kowa a baya za ta yi maka rawa ba? Na sa an auna kamar nauyina. Ku sa masa a wurina."

Aka ɗora buhun a kan kujerar audugar rimi, daidai inda jikinta ya yi gurbi. Ta sa mini albarka, ta ce in yi aure, in daina zama da ƙarfe kamar maraya. Sannan ta ce in tashe ta ta ji. Na tashe ta, na bar ta tana silo. Ta karkata kai tana saurare, ta daɗe.

"Lafiyarta ƙalau," ta ce. "Tafi."

Inna ta yi damina biyu a can. Da rani na je na gan ta, ta yi ƙiba, tana zaune a inuwa suna gardama da Ya Kolo a kan wata akuya da ta ɓata tun suna yara. Na roƙi Yagana ta bi ni, ta ƙi, don ba ta shiga motar da ta ɗauke mata uwa. Rasuwar ta zo a tsakiyar damina, hanya a rufe, sai bayan an yi sadakar bakwai labari ya iso mu. Wannan shi ne abin da Yagana ba ta yafe mini ba, kuma ban ga laifinta ba. Daga baya na auri mahaifiyarku, gida ya sake cika da hayaniya, har na fara neman inda zan ɓuya. Fallayen nan biyu da na zare suna nan a ƙarƙashin gadona, ban mayar ba, kuma ban yarda wani ya mayar ba. Motar ba ta taɓa yin haya ba.

Amma bari in koma kan dawowata ta farko, don ita ce nake so ku riƙe in an sake ce muku na kai ta na yar. Buhun ya yi aikinsa, motar ta zauna a hanya daram. Ba abin da zai hana ni gudu, amma na kasa. Wajen Birnin Kudu na ga wani rami, na rage gudu, na ji bakina ya ce, sannu Inna. Na tsaya a gefen hanya har sai da idona ya washe.

Na iso Fagge bayan la'asar. Yara suna wasa a layi, mai ƙosai tana haɗa wuta, komai yana nan yadda na bar shi. Na tsaya a ƙofar gida, na cire giya, na bar ta tana silo kamar kullum. Inji yana numfashi a hankali, babu tari, babu haki, bai taɓa yin daɗi irin na ranar ba. Ina zaune ina jira. Har aka kira magariba ban kashe ta ba, don babu wanda ya ce mini ya ji.